Wane likita ne zai cike mini takardun lafiya na tafiya Kanada? Amsa ga mai tambaya daga Garwa

Wani ƙanena a Garwa ya aiko mini da tambaya, ya kuma yarda in amsa a fili tunda ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ya nemi zaman dindindin a Kanada shi da maiɗakinsa da yaransu biyu, yanzu wasiƙa ta shigo ana ce musu su je gwajin lafiya cikin kwana 30. Yana da likitan da ya sani a Garwa, mutumin kirki, wanda ya yi masa maganin tarin fuka shekara shida da suka wuce har ya warke. Ko shi zai iya cike musu takardun? Akwai kuma wani a shagon intanet da ya ce a ba shi kuɗi ya kawo sakamako a gama, ba sai sun sha wahalar zuwa kudu ba. Can a ƙarshen saƙon, kamar abin da bai kai a faɗa ba, ya ƙara da cewa yana da 'ya daga aurensa na fari, tana hannun kakarta a garin Gider, ba da ita za a tafi ba.

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a wannan tafiya. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu tarin fuka a nan arewa, daga baya na koma Yawunde na yi aiki a wurin da ake irin wannan gwaji, ina auna hawan jini, ina karɓar kakin masu tari, ina duba fasfo a bakin ɗakin hoto. Abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Likitanka ba zai iya ba. Ba don bai ƙware ba, wataƙila ma ya fi wanda za ka je wurinsa sanin aiki. Maganar ita ce hukumar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, tana da jerin sunayen likitocin da ita da kanta ta zaɓa a ƙasashen duniya, kuma sakamakon da ya fito daga hannunsu kaɗai take karɓa. A wasiƙarka, idan da Faransanci take, za ka ga an kira shi médecin désigné. Kowane ɗayansu yana da lambarsa da makullin shiga wata manhaja da ake kira eMedical, ta nan yake tura hotonka da hoton ƙirjinka da sakamakon jininka kai tsaye zuwa ga hukumar. Likitan da ba ya cikin jerin ba shi da ƙofar da zai shiga ya tura komai, ko da shi ne shugaban asibiti, ko da ya buga hatimi goma. Takardar shaidar lafiya da muka saba karɓa don shiga makaranta ko neman aikin gwamnati, wadda ake manna wa tambari a sa hannu, ba ta da wani amfani a nan.

Wannan ya amsa maganar mutumin shagon intanet ma. Me zai kawo maka? Takarda? Ai ba takarda ake kaiwa ba. Sakamakon ba ya biyowa ta hannunka balle ya biyo ta nasa. Na tuna wata baiwar Allah da ta zo mana daga wajen Marwa da goyo a baya, riƙe da leda baƙa cike da takardu. Ta zazzage su a kan teburina: gwajin jini iri-iri, hoton ƙirji a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, takardar lafiya mai hatimi uku, har da gwajin ido. Wani ɗan tsakani ne ya karɓi kuɗinta ya zagaya da ita, ya ce an gama, saura ta miƙa. Da na ce mata duk sai an sake daga farko, ba ta ce komai ba, sai ta fara mayar da takardun cikin ledar ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu kusurwa. Kuɗin da ta zo da su na komawa gida ne kawai. Sai da aka buga wa 'yan'uwanta waya aka yi karo-karo. Har yau idan na ji an ce wani zai "taimaka a kawo sakamako", wannan ledar nake gani.

To ina za ka samo sunan likitan gaskiya? A shafin gwamnatin Kanada, canada.ca, ka nemi inda aka rubuta neman médecin désigné, ka zaɓi Kamaru, jerin zai fito da suna da adireshi da lambar waya da harsunan da ake ji a wurin. Kada ka yi aiki da hoton jeri da wani ya tura maka a WhatsApp, domin ana cire suna ana ƙara suna, wanda ke ciki bara yana iya zama ba ya ciki bana. Ka buɗe shafin da kanka ranar da za ka kira. Ka duba adireshin shafin da kyau ya ƙare da canada.ca ko gc.ca, saboda masu damfara suna ƙera shafuka masu kama da na gaskiya har da ganyen nan ja na tutar Kanada. A iya zamana a wannan aiki, sunayen Kamaru a Yawunde da Duwala suke, shi ya sa nake ce maka ka fara shirin hanya tun yau. Hukumar ƙaura ta duniya, wadda muka fi sani da OIM, tana cikin masu yin irin wannan gwaji a ƙasashe da dama, amma ita ma ƙa'idar ɗaya ce: sai ka ga sunan cibiyarta a jerin ƙasar da za ka.

Wani sauƙi da Kanada ta yi shi ne ba ta ɗaure ka da ƙasarka ba. Duk likitan da ke cikin jerinta, a kowace ƙasa yake, za ka iya zuwa wurinsa. Kai da ke Garwa kudu ta fi maka, amma mutumin Kusiri ko Marwa ya kamata ya duba jerin Chadi ma, don idan ya sami suna a Njamena, daga Kusiri gadar Ngeli kawai zai haye maimakon ya yi kwana biyu a hanya. Sai dai ya yi tunanin dawowa, domin idan aka buƙaci ƙarin gwaji wurin da aka fara nan za a ci gaba.

Ka kira lambar da ke jerin ka nemi randebu, ka ce ku nawa ne da shekarun kowa, ka karanta musu lambobin da ke kan takardar IMM 1017 da ta zo tare da wasiƙar. Ka tambayi kuɗin babba da na yaro, ka tambaya ko hoton ƙirji da gwajin jini suna ciki ko daban ake biya, da kuma ko a gini ɗaya ake yin komai. Kai ne mai biya, kuma ba a mayarwa ko da ba a ba ka biza ba. A wurin karɓar kuɗin asibitin ko asusun da su da kansu suka ba ka za ka biya, ka karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta waya zuwa lambar kansa don ya riƙe maka layi, ka rabu da shi. Idan kuma ranar da suka ba ka ta haura kwana 30 ɗin, kada hankalinka ya tashi: ka karɓi shaidar randebun a rubuce, ka tura wa IRCC ta asusunka ko ta fom ɗinsu na intanet kafin wa'adin ya cika, ka bayyana dalili. Shiru ne yake kashe dosiye.

Yanzu maganar tarin fuka, wadda na san ita ce take hana ka barci ko da ba ka faɗa ba.

Tsohon tarin fuka da aka yi maganinsa aka warke ba ya hana mutum shiga Kanada. Abin da suke tsoro shi ne cutar da ke raye a ƙirji, wadda mai ita zai iya yaɗa wa na kusa da shi a jirgi ko a wurin aiki. Amma tarin fuka yakan bar tabo, galibi a saman huhu, kuma hoton ƙirji ba ya iya rantsuwa cewa wannan tabon tsoho ne ko sabo. Saboda haka ka sa a ranka tun yanzu cewa akwai yiwuwar a ce maka ka kawo kaki. Sau uku ake karɓa, da sassafe, a gaban ma'aikaci, ba a yarda ka zo da shi daga gida a kwalba ba. Ana duba shi nan take, sannan a shuka shi a ɗakin gwaji a jira a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ita kuwa wannan ƙwaya sarkin nawa ce, sai a yi sati shida zuwa takwas kafin a iya cewa babu. Ba wanda ya isa ya gajarta wannan lokaci, ba likita ba, ba kuɗi ba, ba ɗan'uwa a ofishin jakadanci ba. Ba sai ka zauna a Yawunde kana jira ba, kana iya komawa Garwa ka ci gaba da harkokinka, amma kwanakin karɓar kakin dole kana nan, don haka ka sa su cikin lissafin masauki da guzuri.

A nan ne likitanka na Garwa zai yi maka babban amfani. Ka je wurinsa kafin ka tashi, ka roƙe shi ya rubuta maka taƙaitaccen bayani: yaushe aka gano cutar, ta wace hanya, waɗanne magunguna ka sha, wata nawa, me gwajin ƙarshe ya nuna. Ka nemo katin shan maganinka idan yana nan, da tsohon hoton ƙirji ko da ya yi ƙura. Idan katin ya ɓace, cibiyar da ka sha magani tana da rajista, sunanka da lambarka suna ciki. Na ga wani dattijo direban babbar mota da ya zaro irin wannan kati daga cikin littafin addu'o'insa, ya yi laushi, ya dafe da gumi, amma kowane akwati na kwanakin shan magani an ɗiga masa alama har wata shida. Likita ya ɗora tsohon hoto kusa da sabo a kan fitila, ya ga tabon yana nan yadda yake bai motsa ba. Duk da haka an karɓi kakinsa, amma bayanin da ya tafi da dosiyensa cikakke ne, ba a yi ta dawo da shi ana tambaya ba.

Idan komai ya fita lafiya, abin da yakan biyo baya shi ne a sa maka sharaɗin sa ido: in ka sauka Kanada ka kai kanka ga hukumar lafiya ta lardin da ka zauna cikin kwana 30, su duba ka. Ba hukunci ba ne, amma ka cika shi, don yana cikin sharuɗɗan zamanka. Idan kuma, Allah ya kiyaye, aka ga cutar ta dawo, dosiye yana tsayawa ne har a yi magani a tabbatar an warke. Maganin a ƙalla wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka. Tafiya ta jinkirta, amma an ceci huhunka da na yaran da kuke kwana ɗaki ɗaya.

Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka ɓoye. Za a miƙo maka takardar tambayoyi, a cikinta akwai ko ka taɓa yin tarin fuka, ko wani a gidanku ya taɓa yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce a'a, hoto ya fito da tabo, to ka mayar da matsalar lafiya mai sauƙi ta koma matsalar gaskiya. Dokar Kanada tana hana wanda aka kama da ƙarya a takardunsa shiga ƙasar har shekara biyar, kuma abin yana shafar iyalin da ke cikin dosiyen. A Birtaniya yaudara tana iya jawo shekara goma, a Amurka kuwa tana iya zama har abada. Na ji masu cewa a sha madara da yawa daren gwaji wai tana wanke ƙirji a hoto. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Na ga kuma wanda ya yi niyyar tura ƙaninsa ya tsaya a gaban na'ura a madadinsa saboda suna kama. Ana ɗaukar hoton fuskarka tun a bakin ƙofa, ana kuma sake duba fasfo a wurin jini da wurin hoto.

Sauran gwajin ba shi da wuya. Za a auna tsawo da nauyi, a duba ido da kunne, a auna hawan jini, a saurari zuciya da huhu, a taɓa ciki, a duba fata da gaɓoɓi. Hoton ƙirji daga ɗan shekara 11 ne zuwa sama, gwajin jini na ƙanjamau da tunjere daga shekara 15, sai dai idan likita ya ga dalilin yi wa ƙaramin yaro. Ka kwantar wa maiɗakinka da hankali, domin na san abin da matanmu suke jin tsoro: ƙa'idar Kanada ta ce ba a duba al'aura a wannan gwaji, kuma tana da haƙƙin ta nemi a sa mata mace a ɗakin, ta kuma dakatar da likita ta yi tambaya a kowane lokaci. Tun a waya za ku iya tambaya ko akwai likita mace. Idan tana da juna biyu ta faɗa kafin a shiga ɗakin hoto, domin ana iya ɗage hoton har ta sauka, sai dai dosiyen zai jira. Idan kuma randebu ya faɗo a kwanakin al'adarta, ta sanar da su, saboda jini yana iya ɓata gwajin fitsari.

Mutane da yawa a arewa suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ba su sani ba, wasu suna da hawan jini, ko suga, ko yaro mai sikila. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke rufe ƙofar Kanada kai tsaye, har da ƙanjamau. Abin da suke lissafawa shi ne ko kula da ciwon zai ci kuɗin da ya wuce wani ma'auni, wanda tun 2018 aka ɗaga shi zuwa ninki uku na abin da ake kashewa a kan mutum ɗaya a ƙasar. Matar aure ko miji ko ɗan da aka ɗauki nauyinsa ta hanyar haɗa iyali, da 'yan gudun hijira, ba a yi musu wannan lissafin ma. Kuma likitan da ya duba ka ba shi ne mai yanke hukunci ba, nasa ya rubuta abin da ya gani ya tura. Idan hukumar ta ga matsala, sai ta rubuto maka ta ba ka kwana 90 ka kawo amsa. Don haka ba amfanin roƙon likita ko cusa masa wani abu a aljihu, abin da kake nema ba ya hannunsa.

Hanya kuma. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, sai jirgin ƙasa na Camrail da ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya ya shiga Yawunde da safe, ko motar ajans da ke bi ta Garwa-Bulai da Bertuwa, ko jirgin sama ga mai hali. Shawarata kada ka sauka daga jirgi ka wuce asibiti. Mutum ya kwana a zaune, yara suna kuka, ya ci goro ya sha shayi mai kauri don ya kori barci, sai a ɗaura masa abin awo a ga jini ya hau, a ce sai ya dawo ko ya ga likitan zuciya, ga ƙarin kuɗi ga ƙarin kwana. Ku isa da kwana ɗaya a gaba, ku sauka wurin 'yan'uwa a unguwar Birketeri idan Yawunde ce, ko Niyu Bel idan Duwala ce, ku yi barci. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya sha abinsa kamar kullum, ya zo da kwalayen a gani. Kada a sha jiƙo ko maganin wankin ciki wai don a tsabtace jini, wasunsu ma rikita sakamakon ƙoda da hanta suke yi. Ku riƙe fasfo na kowa, takardar IMM 1017 ta kowa, gilashin ido ga mai sawa, katin rigakafin yara, da duk wata takardar asibiti ta da. Ku kuma tafi da abin taɓawa da ruwa saboda yara, don ana iya wuni.

Kafin ku fita daga asibitin, ka tsaya ka karanta yadda aka rubuta sunan kowa da ranar haihuwarsa, harafi bayan harafi, ka gwada da fasfo. Mu nan sunan mutum ɗaya yana iya fitowa iri uku: yadda malamin makaranta ya rubuta, yadda sakataren magajin gari ya rubuta a takardar haihuwa, da yadda aka buga a fasfo. Abin da ke fasfo shi ne gaskiya a wurinsu. Ka karɓi takardar shaidar cewa an yi gwajin, ka ɗauke ta hoto ka ajiye. Sakamakon yana aiki wata 12, kuma ana so ku shiga Kanada kafin ya mutu, in ba haka ba sai a sake. Shi ya sa ba a gaggawar yin gwaji tun ba a nema ba, sai a tsarin da ya ce a yi shi tun gaba. Masu bin Express Entry, wato tsarin Kanada na ɗaukar ƙwararrun ma'aikata, alal misali, tun watan Agustan 2025 ana so su yi gwajin kafin su miƙa takardun zaman dindindin. Kowa ya bi abin da tsarinsa ya ce.

Tunda wasu za su karanta wannan alhali ba Kanada za su ba, bari in faɗi kaɗan. Kowace ƙasa da jerinta, kuma kasancewar likita a jerin wata ba ya sa shi a jerin wata. Mai neman bizar zama a Amurka zai ga sunan likitan a umarnin ofishin jakadancin da zai yi ganawa a cikinsa, kuma sakamakonsu galibi wata shida yake yi, wani lokaci ma uku. Su suna matsa wa maganar rigakafi, irin su ƙyanda, shan inna, tarin shiƙa, ƙarambau da ciwon hanta, gwargwadon shekarun mutum, suna kuma tambaya sosai a kan ƙwaya da wiwi, abin da samarinmu masu shan tiramol ya kamata su sani tun da wuri. Sau da yawa ɗan'uwa da ke can yakan turo fom mai lamba I-693 ya ce a kai wa likita. Wannan na wanda ya riga ya shiga Amurka ne yake neman gyara zamansa daga ciki, kuma likitocin can ne suke cike shi, ba ya aiki a nan. Dokokinsu kuma sun yi ta sauyawa: a watan Yunin 2025 sun sa Chadi cikin ƙasashe 12 da suka rufe wa ƙofa, don haka ɗan Chadi ko ɗan Kamaru ya tabbatar da halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci kafin ya kashe ko dala a gwaji. Birtaniya gwajin tarin fuka take nema ga wanda zai zauna fiye da wata shida, a asibitin da ke jerin gov.uk, takardar kuma wata shida take yi. Masu zuwa aiki Saudiyya da sauran ƙasashen yankin suna da nasu tsari mai suna Wafid, kuma sun fi kowa tsanani, domin ciwon hanta ko ƙanjamau ko tabon huhu yana iya sa a ce mutum bai dace ba. Shi kuwa ɗan gudun hijira da aka zaɓa don mayar da shi wata ƙasa, a sansanin Minawawo yake ko a sansanonin gabashin Chadi, HCR, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da OIM ne suke shirya masa gwajin, ba ya biyan kowa, duk wanda ya nemi kuɗi a hannunsa ɓarawo ne.

Na bar maganar 'yarka ta Gider zuwa yanzu ne saboda ita ce ta fi damuna a duk saƙonka, ta fi tabon huhun nesa ba kusa ba. Ba ka gaya mini ko ka rubuta sunanta a takardunka ba. A dokar Kanada, mai neman zaman dindindin dole ya bayyana duk 'ya'yansa, kuma waɗanda ke ƙarƙashinsa, wato 'yan ƙasa da shekara 22 da ba su yi aure ba, sai an yi musu gwajin lafiya ko da ba za su bi shi ba. Mu a wurinmu yarinyar da kaka ta ɗauka riƙo ta zama 'yar kaka, ba ma a lissafa ta idan ana ƙirga mutanen gida. Su a wurinsu 'yarka ce, kuma idan ka shiga ƙasar ba ka bayyana ta ba, ba a duba ta ba, doka tana iya hana ka ɗauko ta daga baya a matsayin iyalinka. Kai kanka ana iya tuhumarka da ɓoye gaskiya bayan ka riga ka zauna ka kafa gida. Yau kana ganin ba da ita za a tafi ba. Kaka ba za ta dawwama ba, yarinya za ta girma ta so karatu, ƙannenta za su riƙa tambaya ina yayarsu.

Idan ka riga ka rubuta ta, ka duba wasiƙun da kyau, ya kamata a sami takardar gwaji da sunanta, in babu ka tambaye su. Idan ba ka rubuta ta ba, ka sanar da IRCC yanzu, a rubuce, da takardar haihuwarta, kafin a yanke hukunci a kan dosiyenka, kuma a wannan gaɓar ya dace ka nemi shawarar lauya ko mai ba da shawara da ke da rajista a Kanada, ba na shagon intanet ba. Zai ƙara maka lokaci, zai ƙara kuɗin gwaji da na mota, wataƙila sai an nemo mata takardar haihuwa ta hanyar kotu idan ba a yi mata ba tun tana jaririya. Idan mahaifiyarta ko danginta suka ƙi ba da ita a kai ta gwaji, ka ajiye shaidar duk ƙoƙarin da ka yi, ka rubuta wa hukumar ka bayyana. Amma kafin a kai ga haka, zuwa da kai ya fi saƙo. Ka hau mota ka je Gider da kanka, ka durƙusa gaban tsohuwa ka yi mata bayani cewa ba ƙwace mata jika za a yi ba, kwana uku ne ko huɗu a kudu a dawo mata da ita. In ta fi natsuwa a tafi tare da ita, ka yanka mata tikiti.